Babur Ɗin Lantarki Ya Fi Mota Dacewa Da Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a muhawarar da ake ta yi a gidajen rediyo da fadodin matasa game da motoci masu aiki da lantarki, da ko lokacinsu ya yi a Nijar. Wasu na cewa duniya ta juya wa man fetur baya, saboda haka wajibi ne gwamnati ta buɗe wa waɗannan motoci ƙofa kafin a bar mu a baya. Wasu kuma na cewa zancen banza ne, tunda Allah ya ba mu rijiyoyin mai a Agadem, ya kuma ba mu matata a bakin ƙofarmu. A ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake tambayoyin da suka fi shafar mutumin Damagaram, wato daga ina wutar za ta fito, kuma wane abin hawa ne talaka yake hawa kowace safiya.

Kowa ya san cewa kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Ta Yamai tana shigowa ta layin Birnin Kebbi, tamu da ta Maraɗi kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka yanke wannan wuta a farkon Agusta na 2023, ba a mayar da ita ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu na 2024. Masu walda da teloli da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara ba su buƙatar a tuna musu yadda waɗancan watanni suka kasance. Ko a lokacin da layin yake lafiya ƙalau, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar a Nijar yake da lantarki a gidansa, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Yanzu a ɗora motar lantarki a kan wannan hali a gani. Batirin mota matsakaiciya yana ɗaukar kilowat-awa 50 zuwa 60, wato ma'aunin yawan wutar da ake sha. Gidan ma'aikaci mai fanka ɗaya da ƙwayaye huɗu da talabijin da ƙaramin firiji yana shan kamar kilowat-awa biyu a yini. Ke nan cajin mota sau ɗaya ya kai wutar wannan gida ta kusan wata guda. Idan masu hali ɗari biyu a Zinder suka jona motocinsu da magariba a watan Afrilu, daidai lokacin da kowane gida ya kunna fanka, wata unguwa ce za ta kwana cikin duhu domin su fita aiki da safe. Masu kawo misalin Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, su tuna cewa wutar ƙasar daga madatsun ruwa take fitowa kuma ta wadace su. Habasha ma da ta hana shigo da motocin fetur a 2024, ta yi haka ne tana kan kammala babbar madatsarta ta kogin Nilu mai ba da fiye da megawat 5,000. Tamu madatsar ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta tun 2008, megawat 130 aka tsara mata, kuma har yanzu muna jira.

Amma masu cewa muna da mai, mu huta, su ma ina da magana da su, watakila ma ta fi tsawo. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, ganga 20,000 aka gina ta ta tace a yini, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Matatar tana nan yadda aka gina ta, alhali jama'ar ƙasa na ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 kowace shekara, babura kuwa sun fi jama'a saurin ƙaruwa. Shekara da shekaru man da 'yan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Najeriya suna sayarwa a kwalabe a bakin hanya shi ya rufa mana asiri, shi ya sa ba mu ga giɓin ba. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, man kwalba ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage farashin litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, wanda alheri ne ga talaka, amma ya ƙara wa matata nauyi. Sakamakon shi ne dogayen layukan da aka gani a gidajen mai a watan Maris na 2025, har aka aika tawaga Abuja neman tankoki. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a ƙasar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ɗanyen mai yake ɗauka zuwa jirgin ruwa, ba ya zuba ko lita ɗaya a tankin ɗan kabu-kabu. Ana maganar matata ta biyu a Doso, Allah ya sa ta tabbata, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da nake son masu mulki da masu kuɗi su duba. Zirga-zirgar garin nan a kan ƙafa biyu da ƙafa uku take. Wanda ya tsaya bakin Kasuwar Dole da hantsi zai ga kabu-kabu da adaidaita ne ke kai mata asibiti, su kai yara makaranta, su ɗauko buhun hatsi daga tasha zuwa Zango ko Garin Malam. Batirin babur na lantarki bai wuce kilowat-awa biyu zuwa huɗu ba, ga shi mutum ɗaya yana iya cire shi ya ɗauka a hannu. Farantin hasken rana na wat 450 zuwa 500, irin wanda ke cike da shaguna yanzu, yana ba da kamar kilowat-awa biyu a yini a ƙarƙashin ranarmu. Faranti biyu sun isa su cika batir ɗaya, ba tare da an taɓa wutar kowa ba, kuma da rana tsaka ake cajin, lokacin da Allah ya hore mana hasken kyauta.

Na sha zama da matasan da ke wannan sana'a a ƙarƙashin bedin da suke jiran fasinja, kuma lissafinsu ba ɓoyayye ba ne. Yaro zai fito tun asuba da babur ɗin da ba nasa ba, ya fara neman kuɗin da zai kai wa mai babur da dare, sannan ya nemi na lita uku ko huɗu, wato jaka ɗaya da rabi zuwa jaka biyu, abin da ya ragu bayan wannan shi ne cefanen gidansa. Duk ƴan kwanaki sai ya je juyen baƙin mai, yau buji ya ƙone, gobe yashi ya toshe karbireta. Babur ɗin lantarki ba shi da baƙin mai, ba shi da buji, ba shi da karbireta. Tsadarsa a batir take, shi ya sa kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo, da Ampersand a Ruwanda, suka raba babur da batirinsa. Direba yana mallakar babur, batir kuwa na kamfani ne. Idan ya yi sanyi sai ya shiga rumfa ya ajiye, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin caji kamar yadda yake biyan kuɗin mai. A birnin Kigali har an daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista tun watan Janairu na 2025. Kwatano ba ta fi mu rana ba, Kigali ma haka.

Ba zan ɓoye wa mai karatu wahalhalun ba, domin duk wanda ya sa faranti a rufin gidansa ya san su. Ƙurar hunturu tana rufe gilashi, idan ba a goge ba wutar ta ragu sosai, gogewa kuma tana son ruwa a garin da ruwa ke da daraja. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin faranti, yana kuma rage wa batir kwana. Tsofaffin batura na darma da mutane suka saba saye ba su jure wannan zafi, cikin shekara biyu ko uku sun mutu, sai a ga yara suna fasa su a bayan gari suna narka darmar da hannu, abin da yake guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa. Baturan litiyom na zamani, musamman irin da ake haɗawa da ƙarfe da fosfat, sun fi jure zafi, amma kasuwa ta cika da na jabu masu babban rubutu da ƙaramin ciki. Sannan akwai yashi da duwatsun hanyoyinmu, da irin lodin da muke ɗora wa babur, wanda mai ƙera shi a ƙasar Sin ko Indiya bai taɓa mafarkinsa ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake aunawa a gane, ba a buƙatar a yi ta gardama a kansu a rediyo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, lokacin da ƙasashe da yawa masu arziki ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Bayan rabin ƙarni, manyan tashoshin hasken rana da muke nunawa su ne ta Malbaza mai megawat 7 da ta Goru Banda mai megawat 30 kusa da Yamai.

Sai maganar jari. Damagaram ba ta rasa masu kuɗi ba, amma kuɗinmu ya saba bin hanyoyi uku ko huɗu: fili, gini, shanu, ko tirela. Matasa masu ɗan abin hannu kuwa waya ta ja su zuwa ga kuɗin intanet da kamfanonin bogi masu alkawarin ninka jari cikin wata guda, mun kuma ga yadda ake ƙarewa da kuka. Rumfar caji mai faranti arba'in da batura talatin ba ta kai tsadar tirela ɗaya ba, kuma ciniki ne na kullum mai kuɗi hannu, irin wanda ɗan kasuwa ya fi so. Ƙungiyoyin mata masu adashe suna iya sayen batura su ba da haya, ƙungiyar 'yan kabu-kabu tana iya tsaya wa 'ya'yanta su sami babur bashi su biya kaɗan-kaɗan, a tsarin da malamai suka yarda babu riba a cikinsa. Amma ba wanda zai zuba dukiyarsa a inda bai san dokar da za ta hau kansa gobe ba. Dokar lantarki ta 2016 ta ba masu zaman kansu damar samar da wuta, ga kuma hukumar ARSE mai sa ido a kan fannin. Abin da ake buƙata shi ne a fito a faɗa wa ƙaramin mai jari, da Hausa, takardun da zai nema da ofishin da zai je, nawa zai biya a duwan idan ya shigo da batir da faranti, kuma ko NIGELEC za ta sayi rarar wutarsa ta rana, a kan nawa.

Hukumomin yanzu sun ɗauki 'yancin kai na tattalin arziki a matsayin takensu, sun fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, sun karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAIR da ke Arlit a watan Yuni na 2025. Ina cikin masu ganin cewa ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta tun 1971 bai kamata 'ya'yanta su yi karatu da tocila ba. Sai dai kwal ɗin Salkadamna da madatsar Kandaji da tashar nukiliya da ake ambata ayyuka ne na shekaru masu yawa da biliyoyi masu yawa, kuma layin da zai kawo wutar Kandaji zuwa nan sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu. Faranti ana kafa shi cikin makonni. Rijiyoyin Ganaram da Arunguza da Gogo-Macaya da ke shayar da garin nan da famfunan lantarki suke aiki, saboda haka duk megawat ɗin da muka samar a gida yana ƙara ruwa a famfo kafin ma a zo maganar babur.

Roƙona ga gwamnan jiha da hukumar birni shi ne a ware wuri biyu, ɗaya kusa da Kasuwar Dole, ɗaya a bakin babbar tashar mota, a ba 'yan kasuwar gari izinin kafa rumfunan caji na hasken rana, a yafe kuɗin duwan na baburan gwaji da baturansu. A ɗora wa malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou aikin rubuta komai: kilomita nawa batir ke yi da lodi, nawa direba ya kashe idan aka gwada da na isansi, batura nawa suka lalace, me ya lalata su. A bar gwajin ya ratsa hunturu ɗaya da bazara ɗaya da damina ɗaya, sannan a buga sakamakon a jaridu irin wannan, a kuma karanta shi a rediyo, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Birni, Zinder.