Zuwa ga abokina: kada ka taɓa Config.pm

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka kan tsohon modul ɗin Perl (yaren rubuta manhaja) da ya ƙi harhaɗuwa tun da ka koma GCC 14, wato kwamfaila, manhajar da ke harhaɗa lambar C. Dalili shi ne, daga wannan fitowar ta 2024, kiran aikin da ba a gabatar da shi ba a lambar C ya tashi daga gargaɗi ya zama kuskure.

Ka ce za ka gyara Config.pm da hannu. Don Allah kar ka yi. Wannan fayil shi ke riƙe da yadda aka gina Perl ɗin kansa, duk modul da za ka girka nan gaba daga can zai ɗauko zaɓuɓɓukan kwamfaila. Saboda matsalar modul guda sai ka gurɓata na kowa.

Fara da duba abin da ke akwai: perl -V:ccflags da perl -V:optimize. Sannan ka ba da canjin a wannan ginin kaɗai:

perl Makefile.PL OPTIMIZE="-O2 -Wno-error=implicit-function-declaration"

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne bambancin OPTIMIZE da CCFLAGS, wurare biyu da ake sa zaɓuɓɓukan kwamfaila. In ka sa CCFLAGS, abin da ka rubuta zai maye gurbin na asali gaba ɗaya, ba ƙari zai yi a kai ba. A nan ake rasa irin su -D_FILE_OFFSET_BITS=64, girman wasu tsare-tsaren bayanai ya saɓa da na Perl, modul ya harhaɗu lafiya lau amma wajen lodawa Perl ya ce bai dace da shi ba, ko ya faɗi ba bayani. OPTIMIZE kuwa ɗan abin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma yana zuwa bayan CCFLAGS, don haka nasa ke rinjaye. In dole sai CCFLAGS, kwafo na asalin duka ka ƙara naka a ƙarshe.

In da cpanm, manhajar girka modul ɗin Perl, kake aiki, yi amfani da --configure-args. Modul ɗin da ka ambata kawai zai shafa. Ka guji sauya PERL_MM_OPT, inda Makefile.PL ke ɗauko ƙarin zaɓuɓɓuka, in kana da local::lib (mai girka modul a naka wurin na kanka), don a ciki yake ajiye INSTALL_BASE, wato adireshin wurin girkawa.

Kuma ka tuna kuskuren yana nan, rufe shi kawai ka yi, don haka gudanar da make test kafin make install. In ya sake ƙi, turo mini layin farko na kuskuren.

Ka gaishe da mutanen gida.

Naka har kullum.