Kalmar rana a Japananci ba guda ɗaya ba ce, a daina taƙaita wa yaranmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan matasanmu da suka duƙufa koyon Japananci a waya, yawancinsu saboda katun da suke kallo. Abin yana burge ni wallahi, amma manhajojin fassara suna cutarsu, ka rubuta rana sai ta miƙo maka taiyō ta yi shiru, yaro ya haddace ya kama gabansa yana ganin ya gama.

Taiyō rana ce ba musu, ita za ka gani a littafin kimiyya, ko in ana maganar wutar sola, ko taurarin da ke kewaya ta wato taiyōkei. To amma uwa in tana yi wa ɗanta magana ohisama za ta ce, wato kalmar hi mai nufin rana ce ta sa wa gaɓar "o" a gaba da gaɓar "sama" a baya, irin girmamawar da ake yi wa babban mutum, kuma duk da haka akwai shaƙuwa da wasa a cikin kalmar. Tsofaffi kuwa suna da otentosama, in yaro zai yi ɓarna a ɓoye sai a ce masa otentosama ga miteiru, rana tana kallonka. Mu dai Allah muke cewa yana gani, su kuma akwai tarihin addininsu na Shinto inda suke da abar bauta ta rana mai suna Amaterasu, wadda babban wurin bautarta yake garin Ise. Sanin wannan ba yarda da shi ba ne, fahimtar mutane ne.

Inda nake so a tsaya sosai shi ne harafin 日. Ɗan akwati ne da layi a tsakiya, kuma yana nufin rana ta sama yana nufin rana ta kwanan wata, daidai yadda Bahaushe yake cewa rana ta faɗi kuma ya ce ranar Talata da kalma ɗaya, kenan mu abin ba zai ba mu wuya ba in an koya mana ta Hausa kai tsaye. Wahalarsa ɗaya ce, karatunsa yana canjawa. Shi kaɗai hi ne. A hinode fitowar rana, a hinoiri faɗuwarta, asahi hantsin safe, yūhi ta yamma mai ja. Amma duba Lahadi, ana rubuta ta 日曜日, harafin ya zo sau biyu a kalma ɗaya, na farko a karanta nichi na ƙarshe a karanta bi, nichiyōbi. A kalanda kuma sai karatunsa ya koma "ka", 2 ga wata futsuka, 3 ga wata mikka, 20 ga wata hatsuka, alhali 11 ga wata jūichinichi ne. Har gaisuwar konnichiwa da kowa ya iya, wannan harafin yana cikinta.

Sunan ƙasar ma fa daga nan ne. Nihon ko Nippon, yadda suke kiran Japan da harshensu, ma'anarsa tushen rana, tunda gabas take da ƙasar Sin. A shekarar 607 fadar Japan ta aika Ono no Imoko da wasiƙa zuwa ga sarki Yang na daular Sui ta ƙasar Sin, suka kira nasu sarkin na inda rana ke fitowa, shi kuma na inda take faɗuwa, kuma tarihin Sin ya rubuta cewa ransa ya ɓaci. Tutar nan mai jan da'ira Hinomaru suke ce mata, sai 1999 doka ta tabbatar da ita. Jaridar Asahi da aka kafa a Osaka a 1879 ita ma sunan hantsi ta ɗauka.

Akwai wasu da ba zan bari ba, komorebi hasken da ke ratso ganyen bishiya, hinatabokko zaman shan hantsi lokacin sanyi, da hatsuhinode fitowar rana ta farko a sabuwar shekara da mutane ke sammako su je gaɓar teku ko kan dutse su gani.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a mako na koyon harsunan Asiya da bayani cikin Hausa, ku nemo waɗanda suka yi karatu a can su riƙa rubutawa, kuma darasin farko a fara da wannan harafi na 日 da karatunsa ɗaya bayan ɗaya.

Na gode, naku mai karanta jaridarku a kullum.