Taragon gama-gari: amsa ga matashin da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum, ɗana.

A shirin da aka gayyace ni kan farfaɗo da layin dogo, ka bugo waya daga Gusau ka tambaye ni dalilin da ya sa na nace sai an sa taragon gama-gari mai araha. Ka ce ware wa talaka tarago ƙasƙanci ne, gara a kawo mana jirgi mai na'urar sanyi irin na Abuja zuwa Kaduna, kowa ya zauna cikin mutunci. Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na rubuto.

Kishin da ke cikin maganarka na ji shi, kuma Allah Ya yi maka albarka. Sai dai shi ma jirgin da ka ambata, wanda aka buɗe a 2016, an raba kujerunsa: akwai na manya, akwai na masu ƙaramin ƙarfi. Rabon bai dame ni ba. Damuwata ita ce nawa ne tikitin da ya fi araha, kuma wane ne zai iya sayensa.

Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya iso mana Kaura Namoda a 1929. Turawa ba don mu suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga suke son kaiwa bakin teku. Amma taragon da aka jona don talakawa shi ne ya kai almajiri Zariya karatu, ya kai ɗan kasuwa Kano sarin kaya, ya kai amarya gidan miji. Na shige shi ina yaro. Bencin katako ne, mutum ya zauna gwiwarsa na gugar ta wanda ke gabansa. Ƙarƙashin benci kwandon kaji ne da buta da ƙullin kayan wata tsohuwa, wadda ba ta yarda ta ɗauke ƙafarta daga kansa ko barci ya kwashe ta. Da an tsaya Funtuwa sai tiren ƙosai da rake da dafaffen ƙwai su taso ta taga, a miƙa kuɗi a karɓi canji kafin jirgi ya yi ƙugi. Dubi mutane nawa ke cin abinci a tsayawa ɗaya! Mai zaune a taragon manya ba ya leƙo taga ya sayi ƙosai.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Akwai zafi da cunkoso, ban ɗaki ba ruwa, wani lokaci ko sakata babu a ƙofarsa, mace ta yi ta riƙe kanta har a sauka. A nan ƙasƙancin da kake faɗa yake, kuma sakaci ne ya kawo shi. Araha ba ta hana a sa fanka da fitila, a cika tankin ruwa, a daina sayar da tikiti fiye da yawan kujeru.

Yau an daɗe rabonmu da jirgin fasinja a Kaura. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, ga fargabar hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ba sai na faɗa maka ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya zai bi, bai taɓo Zamfara ba. To in Allah Ya sa namu ya dawo, aka zo da jirgin da tikitinsa ya fi kuɗin mota, wa aka kawo wa? Mai hali dama yana da motarsa. Manomin da ke son kai buhun wake biyu kasuwa, da matar da za ta raka ɗanta asibitin koyarwa na Zariya, su ne za su tsaya bakin tasha suna kallo.

Shi ya sa nake cewa tun kan takarda a fara da nasu taragon. Kuɗinsa ya gaza na mota, a bar mutum ya shiga da kayansa daidai gwargwado, jirgi ya tsaya a ƙananan tashoshi. A kuma bar tagar sayar da tikiti a buɗe, domin in aka ce sai ta intanet, an kori duk tsohon da ba shi da babbar waya, an jefa shi hannun 'yan baranda. Tsaro ma dole ya zama ɗaya daga tarago na farko har na ƙarshe, harin da aka kai wa jirgin Kaduna a Maris na 2022 bai fita ranmu ba.

In an gama wannan, a jona taragon sanyi ga mai iko, ba ni da ja. Ku matasa ku ke zuwa tarukan da ake irin wannan magana. Duk ranar da wani ya tsaya gabanku yana alƙawarin jirgi, ka ɗaga hannu kamar yadda ka yi mini, ka tambaye shi nawa tsohuwa za ta biya daga Kaura zuwa Zariya.

Wassalam,
Babanka, daga Kaura Namoda