Wasiƙa daga Bulangwa zuwa Lagdo

Aminina Malam Isa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Mu nan Bulangwa sai godiya, kogin Shari ya fara kawo ruwa, kifi kuma ba laifi.

Saƙonka ya iso, cewa jirgin naka kullum da safe ruwa ya kai idon sawu, har kana shirin zuwa Garwa ka sayo sabon famfon zuƙe ruwa daga jirgi. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna. Famfo ba ya hana yoyo, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Ka ja jirgin bakin gaɓa, a kwashe ruwan tas, a goge, ka barbaɗa toka a ciki, sannan a mai da shi ruwa. Inda toka ta fara jiƙewa, nan ne ɓarakar. Zatona wajen gindi ne, katakon da ake ɗaura inji, domin girgizar Yamaha mai doki 40 tana kwance ƙusoshi a hankali. Idan kuma jirgin ya sha ranar Afrilu a tudu, katako ya tsuke ne, in ya koma ruwa zai kumbura ya haɗe da kansa. Abin da ya rage ka cusa auduga ka bi da kwalta mai zafi. Kada yara su yi maka da leda, aikin banza ne.

Amma abin da na fi zargi shi ne ƙananan kafofin nan da ke ƙarƙashin itatuwan da suka gicciya cikin jirgi. Ta nan ruwa ke gangarowa baya. Yashi da ɓawon karfasa da guntun raga sukan toshe su, sai ruwa ya kwanta a gaba, famfo yana can baya yana shan iska yana cinye batir. Waya mai kauri ta isa ta zurare su. Ka wanke ragar bakin famfon, ka kankare tsatsar kan batir, ka kuma tabbata tiyo bai lanƙwashe ba, bakinsa yana sama da ruwa ko da an cika kaya, in ba haka ba ruwan tafkin Lagdo ne zai riƙa dawowa ciki.

Yankakken galan na kwasar ruwa kuwa kada ya bar jirgi, iskar Lagdo ba ta sallama.

Ka gaishe da Hajiya. Kwandon bandar da na yi alkawari zai biyo direba bayan sallah.

Naka,
Sale