A Daina Manna Fasuwod A Jikin Kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da shugabannin makarantu da ofisoshi masu sayo kwamfutoci a jera su a ɗaki a ɗauki hoto shikenan.

Ni aikina kula da ɗakin kwamfuta ne a wata makaranta, guda 40 gare mu duk a haɗe da netwok. Da na kama aiki na tarar kowa da akawun ɗaya yake shiga, wai admin, fasuwod ɗin kuma an rubuta a takarda an manna a jikin allo, to wlh kullum sai an yi rigima, wannan ya goge aikin wancan, wani ya soka fulash ya zuba mana bayiros, ka tambaya waye kowa ya rantse ba shi ba ne kuma ba ka da hujja tunda a wajen kwamfutar duk mutum ɗaya ne. Har malamin da ya bar aiki tuntuni ya san fasuwod ɗin, don wa zai bi kwamfuta 40 ɗaya bayan ɗaya yana canzawa?

Alhali maganin ba sabo ba ne. Saba ɗaya ake ajiyewa, wato kwamfutar da sauran ke dogara da ita, ta riƙe sunan kowa da fasuwod ɗinsa, duk kwamfutar da ka zauna ka shiga da naka, in mutum ya tafi a rufe akawun ɗinsa a wuri ɗaya magana ta ƙare. Microsoft na da manhajar yin haka mai suna Active Directory tun Windows 2000, wanda ba shi da kuɗin lasisi kuma ga Samba a kan Linux kyauta, tun fitowa ta 4 a 2012 take wannan aikin. Mu ita muka ɗora a wata tsohuwar kwamfuta.

Amma fa akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Windows Home ba ta shiga irin wannan tsari sai Pro, kuma masu kwangila ba ruwansu, abin da suka samu shi suke kawowa. Sai maganar agogo, wannan ita ta fi ba ni ciwon kai. Tsarin tantancewar, Kerberos sunansa, a MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi, in agogon kwamfuta ya saɓa da na saba fiye da minti 5 ƙin yarda yake. Mu kuwa da ake ɗauke wuta ba sallama, ga ƙaramin batirin nan CR2032 mai riƙe agogo na cikin tsofaffin kwamfutocin ya mutu, da safe sai ka ga wata ta koma shekarun baya, yara na cewa Malam fasuwod ya ƙi. Kwana biyu ina zargin wayar netwok kafin na gano batir ne.

Wasu na cewa to in sabar ta mutu fa? Windows na tuna mutum 10 na ƙarshe da suka shiga kowace kwamfuta, su za su iya shiga ko ba saba, sai dai a ɗakin ɗalibai wannan ba ya kai ko'ina, saba ta biyu ake so da inbata. Mu dai har yau ɗaya gare mu, na rubuta takardar neman ta biyun tun zangon da ya wuce, ina jiran amsa.

Naku,
Wani mai kula da ɗakin kwamfuta, Zariya