Mura Ba Ƙaramar Cuta Ba Ce Ga Mai Ciwon Daji

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Hunturu ya kama, mura ta cika gari, shi ya sa muke roƙon fili a jaridarka don jan hankalin iyalan masu ciwon daji.

Maganin kemo, wato maganin da ake kashe ƙwayoyin daji da shi, yana rage fararen ƙwayoyin jini, dakarun da ke kare jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi wa mutum ƙarinsa. A wannan tsakanin, murar da lafiyayye zai kwana biyu ya watsake tana iya gangarawa huhu ta zama nimoniya, bakteriya kuma su biyo sawu. Masu dajin jini da na huhu sun fi kowa shiga haɗari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zazzaɓi ya taso, a ce maleriya ce, a aiki yaro kemis ya sayo farasitamol. Zafin ya sauka, cutar kuwa tana nan tana ci. Shi ma maganin dexamethasone da ake haɗawa da kemo yakan ɓoye zazzaɓi. Saboda haka a ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. In zafin ya kai digiri 38 na Celsius, ko aka ga rawar ɗari, haki, ciwon ƙirji ko ruɗewa, a nufi asibiti ko tsakar dare ne, a faɗa musu ranar kemo ta ƙarshe. Ana so a fara maganin bakteriya cikin awa ɗaya da isowa. In infuluwenza ce, wato mura mai tsanani, maganin oseltamivir ya fi aiki cikin awa 48 na farko da fara ciwon.

Sai batun dubiya. Akwai lada, ba ma musu. Amma a duba ɗakin: mutum goma a kan tabarma, tagogi a rufe saboda ƙura, ga jinjiri mai majina an miƙa wa mara lafiya ya sa masa albarka. Mai tari ko atishawa ya yi gaisuwarsa ta waya. Wanda zai shiga ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, ya sa takunkumi, a buɗe taga, a taƙaita zama.

Allurar rigakafin infuluwenza ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kuma an fi so a yi ta mako biyu kafin fara kemo. Wadda ake fesawa a hanci mai rai ce, ba ta dace da masu shan kemo ba. Mutanen gida ma su yi tasu, musamman mai jinya.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jinya a sashen masu ciwon daji, Kano