Godiya ga gidan hoton bakin Kasuwar Dole

Assalamu alaikum Alhaji, kai da duk yaran shagonka. Na ga gara in yi godiyar nan a bainar jama'a, don abin da kuka yi ma ɗiyata na koya mata ɗaukar hoto a bakans ɗin nan ya fi ƙarfin in tsaya bakin ƙofa in ce na gode in juya.

Mu nan Damagaram in aka ce mai hoto, wanda ke zo ma mutum a rai shi ne mai ɗaukar hoton kartidantite ko mai bin ƴan biki, shi ya sa da yarinyar ta gama bak ta ce wajenku za ta zauna, gwaggonninta suka yi ca, wai wannan kuma wane karatu ne, ai ko yaro mai portabul ya iya. To Alhaji kai ka ba su amsa ba tare da ka sani ba, don ba ka miƙa mata apare, wato na'urar ɗaukar hoto, ba sai da ka zaunar da su ita da sauran ka ba su tarihin abin, kullum ta dawo gida sai ta juye mana shi bayan isha'i.

A bakinta na ji wai tun 1864 wani Bajamushe Hermann Vogel ke koyar da kimiyyar hoto a makarantar sana'o'i ta Berlin, wadda aka haɗe da ta gine-gine a 1879 ta zama babbar makarantar fasaha, yau iniversite ce guda. Abin da ya fi burge ni, farantin hoto na wancan zamani shuɗin haske kawai yake gani, ja da rawaya baƙi ƙirin suke fitowa, ka ga kenan da an ɗauki dogaran Sarki da jajayen rigunansu ran hawan salla sai ka rantse baƙaƙe suka sa. Shi Vogel ne a 1873 ya gano in aka sa ma farantin wani rini sai ya fara ganin kore, daga nan ƙofa ta buɗe. Da ya rasu Adolf Miethe ya gaje shi a 1899 ya duƙufa kan hoto mai kala. A Amurka ma makarantar fasaha ta Rochester, garin kamfanin kayan hoto na Kodak, ta buɗe sashen hoto a 1930. Mutane sun yi ta zama farfesa da abin nan mu muna nan muna raina shi.

Kuma ba surutu kaɗai kuka tsaya ba, ɗakin duhun nan na baya da wasu suka mayar da irinsa sito kai ka bar naka, ka sa su wanke pelikil da hannunsu kafin su taɓa ordinater, ka koya musu yadda ake auna haske ga baƙar fata a ranarmu ta Zinder mai ƙona fuska a hoto. Wlh hoton da ta ɗauki kakarta a zauren gidanmu na Birni, har zanen fuskarta ya fito tsaf, tsohuwa ta hana kowa taɓa shi. Ranar da kuran ya ɗauke ma ba ka sallame su ba, waje kuka fita kuka bi gidajen Zengo masu zane kuna koyon inuwa.

Sannan kuɗin da kuka karɓa ko na takarda da magani bai kai ba, na sani, na yi ciniki.

Roƙona ɗaya dan Allah, bakans mai zuwa a ƙara ma ƴan mata wuri, don amare da yawa sun fi sakewa in mace ce ta shigo ɗaki da apare, kuma ƙawayenta har sun fara tambaya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a. A gaida yaran shago duka.

Naku, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibanku, daga Birni.